Sabon binciken wutar sola: Mene ne rabon Janbako da sauran garuruwan Bakolori?

Duk wanda ya bi hanyoyin da suka haɗa Talata Mafara da Bakura da Maradun a 'yan shekarun nan zai lura da wani sauyi a saman rufin kwano. Farantan sola sun hau kan shagunan cajin waya da masallatai da asibitocin sha-ka-tafi, wasu manoman rani kuma sun fara jingine injin fetur suna jan ruwa da hasken rana.

A garuruwa irin su Janbako da ke ƙaramar hukumar Maradun, ba kwalliya ce ta kawo sola ba, larura ce. Waya ce ake jin labarin 'yan uwa da ita, da ita ake karɓar kuɗi, da ita kuma ake sanar da maƙwabta idan an hango 'yan bindiga. Wayar da batirinta ya mutu a irin wannan wuri ba ƙaramin hatsari ba ce.

Ana cikin haka ne masana kimiyya a Japan da Koriya ta Kudu da Amurka da Jamus ke ta wallafa sakamakon bincike kan wata hanya ta daban ta tatso lantarki daga haske, wadda a lissafe ba ta ƙarƙashin iyakar da ta daɗe tana taƙaita farantan da ake sayarwa a kasuwa. Tambayar ita ce: wannan bincike zai sauya wani abu a Zamfara? Kuma me ya kamata hukumomi da masu saye su yi kafin nan?

Me ya sa jama'a suka koma sola?

Abu uku ne suka taru. Na farko, wutar Nepa ba ta isa. Najeriya mai mutane sama da miliyan 200 galibi megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa ta babban layinta, kuma alƙaluman Bankin Duniya sun nuna mutum sama da miliyan 80 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata. Zamfara tana cikin jihohi huɗu da kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi.

Na biyu, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Janareta da injin ban-ruwa suka zama kayan masu hali.

Na uku, duhun watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara ba za su manta da wannan lokaci ba.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta bayyana a watan Agustan 2025 cewa cikin wata 12 zuwa Yunin shekarar, ƙasashen Afirka sun shigo da farantan sola na sama da megawat 15,000 daga Sin, ƙarin kashi 60 cikin 100. Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu, da kimanin megawat 1,700.

Yadda farantin da ke kan rufi yake aiki

Tun 1839 wani matashi Bafaranshe ɗan shekara 19, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki. Sai a 1954 ɗakin bincike na Bell a Amurka ya fitar da farantin silikon na farko mai amfani, wanda ke mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki.

Wutar lantarki ba komai ba ce illa gudanar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektron. Idan haske ya doki silikon sai ya zaburar da su. Amma zabura kaɗai ba ta isa ba, dole su nufi fuska ɗaya, in ba haka ba sai su watse kowa ya kama gabansa.

Don haka masu ƙera faranti suke haɗa silikon iri biyu, kowanne an ɗan gauraya shi da wani sinadari daban. A inda suka haɗu sai a samu wata irin gangara. Manomin Bakolori ya san wannan: ruwan da aka sako daga dam ba ya buƙatar inji matuƙar magudanar tana da gangara.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka. A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa faranti mai mahaɗa ɗaya ba zai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken rana ba. Wani hasken ƙarfinsa bai kai ya zaburar da ilektron ba, wani kuma ƙarfinsa ya yi yawa, rarar sai ta tafi a zafi. Farantai masu kyau da ke kasuwa yanzu suna tsakanin kashi 20 zuwa 23.

Wuta ba tare da gangara ba

Akwai wasu nau'o'in kiristal da ke ba da wuta idan an haska su ba tare da an haɗa komai da komai ba. Sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsu suka jeru.

Mai faskare ya san itace yana tsagewa da sauƙi ta tsawo, amma ta kwance sai an sha wuya. Haka ruwa ke bin tsakanin kunyoyin gona a guje, amma tsallake su sai ya taru. Wasu sinadarai haka suke: lantarki da haske suna ratsa su da sauƙi ta wata fuska, da wuya ta wata.

Wasu kuma sun wuce nan. Jerin zarrarsu kamar haƙoran zarto yake, duk sun karkata gefe ɗaya, ta yadda gaba da baya ba ɗaya ba ne. A cikin irin waɗannan, duk ilektron ɗin da ya haɗiyi haske yakan ɗan gusa daga mazauninsa, kuma gusawar ta fi rinjaya gefe guda. Kamar mutane ne a kan dogon benci, kowa ya matsa dama da taku ɗaya: babu wanda ya yi tafiya mai nisa, amma sahun gaba ɗaya ya gusa. Idan biliyoyin ilektron suna yin haka ba tsayawa, wuta ce ke gudana. Masana na kiranta lantarkin gusawa.

Ba yau aka fara ganin wannan ba. A 1974 Alastair Glass da abokan aikinsa a ɗakin binciken Bell suka auna sama da bolt 1,000 a jikin wani kiristal mai suna litiyam nayobet da aka haska, alhali ƙwayar silikon ɗaya ba ta kai bolt ɗaya ba. A 1981 wasu Jamusawa biyu, Ralph von Baltz da Wolfgang Kraut, suka fitar da lissafin yadda gusawar ke faruwa.

Da yake wannan hanya ba ta dogara da mahaɗa ba, lissafin Shockley da Queisser bai hau kanta kai-tsaye ba. Abin da ya sa masana suka kasa sakin maganar ke nan.

Mece ce surar kwantam?

A duniyar ƙananan abubuwa, wadda ilimin kwantam ke nazari, ilektron ba kamar ƙwayar yashi yake ba. Ya fi kama da kaɗawar ruwa idan an jefa tsakuwa a tafki. Yana da siffa, kuma siffar tana sauyawa gwargwadon yadda yake tafiya a cikin kiristal.

Masana suna auna wannan sauyi ta hanya biyu: yawan bambancin da ke tsakanin siffa ɗaya da ta kusa da ita, da kuma yadda siffar ke murɗewa. Ma'aunin murɗewar yana ɗauke da sunan Michael Berry, masanin Ingila da ya yi fitaccen rubutu a kansa a 1984. Ma'aunan biyu a haɗe su ne surar kwantam.

Abin da ya tayar da tsohon zance shi ne gano cewa nisan da ilektron ke gusawa, da fuskar da yake gusawa, duk daga wannan sura suke fitowa. Aikin Takahiro Morimoto da Naoto Nagaosa na 2016 yana cikin waɗanda suka fito da alaƙar fili. Ma'ana, maimakon a yi ta laluben sinadari a makance, ana iya zama da kwamfuta a lissafa wanda zai fi ba da wuta.

A 2021 masu bincike a Jami'ar Tokyo suka ɗora wani siririn sinadari mai suna tangistin disalanayid a kan baƙin fosfaras, wanda shi ma irin mai halin kunyar gona ne. A gwajin, kowannensu shi kaɗai bai ba da irin wannan wuta ba, amma a inda suka haɗu sai ga ta.

A ƙarshen 2024 wata tawaga ƙarƙashin jami'ar MIT ta Amurka ta wallafa hanyar auna surar kwantam a cikin daskararren abu. A 2025, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa kimiyyar kwantam, masu bincike a Koriya ta Kudu suka auna ɗaya daga cikin ma'aunan kai-tsaye a jikin baƙin fosfaras. Abin da a da yake a takarda kawai, yanzu ana iya auna shi.

To yaushe zai iso kasuwa?

Ba nan kusa ba. Bolt mai yawa ba shi ne wuta mai yawa ba. Kamar ruwa ne da ke tsartuwa da ƙarfi ta hujin allura: tsartuwar ta kai, amma kafin ya cika tulu an kwana. Mafi yawan na'urorin da aka gwada da wannan hanya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Galibin gwaje-gwajen kuma ana yin su ne a kan ɓarɓashin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, da hasken leza, ba da rana irin ta watan Afrilu ba. Baƙin fosfaras kuwa lalacewa yake yi idan ya sha iska da danshi.

Tarihi ma ya isa ishara. Tsakanin Becquerel da farantin Bell shekara 115 ce. Daga 1954 kuma sai da aka ƙara fiye da rabin ƙarni kafin faranti ya yi arahar da mai cajin waya a ƙauye zai iya saye.

Inda aka fi sa ran wannan bincike zai fara amfani shi ne ƙananan na'urorin gano haske masu saurin gaske, na sadarwa da na kyamarorin da ke ganin zafi. A fagen faranti kuwa, abin da ya fi kusa shi ne ɗora wani sinadari mai suna ferobskayit a kan silikon, wanda kamfanin LONGi na Sin ya kai sama da kashi 34 da shi a ɗakin gwaji a 2024.

Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya tallata faranti da sunan "fasahar kwantam" don ya ƙara kuɗi, mai saye ya buɗe ido.

Ba ƙarancin rana ke damun Janbako ba

Ko da a ce gobe an samu farantin da ya ninka na yau, ribar farko ita ce rage faɗin wurin da ake buƙata. Wannan babban abu ne a Tokyo ko a jikin tauraron ɗan'adam. A Janbako kuwa ba a rasa rufi ko fili ba, ba a kuma rasa rana ba. Hasken da ke sauka a arewa maso yammacin Najeriya ya kai kusan ninki biyu na wanda Jamus ke samu.

Abin da ke hana ruwa gudu daban ne.

Akwai zafi. Ƙarfin da aka rubuta a jikin faranti an auna shi ne a maki 25 na ma'aunin salshiyas, kuma duk ƙarin maki ɗaya yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. A bazara, farantin da aka manna a jikin kwano ba tare da an bar wa iska hanya ta ƙasa ba yana iya kaiwa maki 60, wato asarar sama da kashi 10.

Akwai ƙurar hunturu, wadda ke dusashe faranti idan ba a goge shi.

Akwai batir, wanda sau da yawa shi ne ya fi cin kuɗi a cikin kayan, shi ne kuma ke fara mutuwa, musamman irin na darma idan ana zuƙe shi ƙarƙaf a ɗaki mai zafi. Tsohon batirin darma da aka fasa a tsakar gida guba ne, kuma Zamfara, inda gubar darma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a 2010, ba ta buƙatar a tuna mata.

Akwai jabu: farantin da aka rubuta wa wat 300 alhali bai kai ba, da tsoho da aka wanke aka ce sabo. Araha dai ba ta ado.

Sannan akwai tsaro. Mai gyara ba ya shiga inda ba shi da tabbacin fitowa, kuma mutumin da bai san ko zai kwana a gidansa gobe ba, da wuya ya zuba jarinsa a kan rufi.

Darasin da ke kwance a Bakolori

Wannan yanki ya taɓa ganin fasahar zamani ta zo da alƙawari. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, tare da ƙaramar tashar lantarki ta ruwa mai megawat 3. Manoman da suka rasa gonakinsu sun yi bore kan diyya, kuma a watan Afrilun 1980 jami'an tsaro suka murƙushe su, aka yi asarar rayuka.

An tsara shayar da kimanin hekta 23,000: kusan 15,000 da bututun feshi masu aiki da lantarki, sauran 8,000 da magudanai masu gangara. Da wuta ta gaza, kayan gyara suka yi wuya, ɓangaren feshi, wanda shi ne na zamani, shi ya fara durƙushewa. Wanda ya rayu shi ne na gangara, da manomi zai iya yashewa da shebur.

Da shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya ya zo gyara, cikin ayyukansa har da mayar da wani ɓangare na filayen feshin zuwa tsarin gangara.

Bakolori ba ta nuna cewa fasaha ba ta da amfani ba. Ta nuna cewa na'urar da babu mai gyaranta a kusa, babu kayan gyaranta a kasuwa, kwananta ƙidayayyu ne. Burtsatsai masu sola da fitilun titi da suka mutu bayan shekara biyu ko uku a garuruwan arewa da dama suna maimaita wannan labari.

Hana shigo da faranti: mafita ko ƙarin nauyi?

A watan Maris na 2025 ministan kimiyya da ƙirƙire-ƙirƙire na lokacin, Uche Nnaji, ya bayyana aniyar gwamnatin tarayya ta hana shigo da farantan sola domin ƙarfafa masu ƙerawa a gida. Maganar ta jawo muhawara.

Masu goyon baya suna da hujja: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce Sin ce ke riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera faranti. Ƙasar da ta dogara kacokan a kan saye, farashinta na hannun dala.

Masu suka kuma suna nuni da cewa masana'antun gida, har da ta hukumar NASENI da ke Karshi a Abuja, galibi harhaɗa ƙwayoyin da aka shigo da su suke yi, kuma abin da suke fitarwa bai kusa biyan buƙata ba. Idan aka rufe ƙofa kafin gida ya tsaya da ƙafarsa, wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai shagon caji da manomin rani, ba mai gidan bene a Abuja ba.

A nan ne binciken kwantam ya shafi arewa ta wata hanya da ba a cika faɗa ba. Litiyam nayobet, kiristal ɗin gwajin 1974, daga litiyam da nayobiyam ake yin sa. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, dutsen da ake tace nayobiyam daga cikinsa, daga tsaunukan Jos. Yanzu kuma ana rububin litiyam a Nasarawa da Kaduna da wasu jihohi. Wannan kiristal da ɗan uwansa na tantalam suna cikin wayoyin zamani, inda suke tace sigina.

Wato ana kwasar dutse da tirela, a dawo da shi a cikin waya da dala. Zamfara, wadda gwamnatin tarayya ta ɗage mata haramcin haƙar ma'adinai a Disambar 2024 bayan fiye da shekara biyar, tana cikin wannan sahu na masu sayar da ɗanye.

Giɓin ba ƙarami ba ne. Auna surar kwantam galibi yana buƙatar wata katafariyar na'urar haske da ake kira sinkirotiron, kuma har yanzu babu ko ɗaya a nahiyar Afirka. Amma ɓangaren lissafi, na tantance sinadarai da kwamfuta, ba ya buƙatar wannan. Malami da ɗalibansa za su iya shiga, matuƙar akwai wuta da intanet da kuɗin bincike.

Abubuwan da za a sa wa ido

Na farko, shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke gina ƙananan tashoshin, kuma ɗan kasuwa yakan bi inda ya fi kwanciyar hankali. Idan ba a yi wa yankunan da ke fama da rashin tsaro tanadi na musamman ba, kuɗin na iya ƙarewa kafin su iso Maradun.

Na biyu, dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Ya rage ga Gusau ta nuna abin da za ta yi da wannan dama.

Na uku, hukumar kula da ingancin kaya, SON. Kowane jabun faranti da ya shigo, asara ce ga mai saye, kuma yana zubar da darajar sola a idon maƙwabtansa.

Na huɗu, makarantu. Talata Mafara tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da kuma jami'ar jihar, Bakura tana da kwalejin aikin gona, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Yankin yana buƙatar matasan da suka iya lissafin faranti da batir daidai da buƙatar gida, da gyaran inbata da famfon sola. Daga cikin irin waɗannan ne kuma wata rana za a samu masu zurfafa bincike. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa mai shirin saye a yanzu, babu dalilin jiran sabuwar fasaha. Ya nemi wanda zai auna masa farantin da mita a tsakar rana kafin ya biya, ya karɓi takardar garanti, ya bar tazara tsakanin faranti da kwano, ya ajiye batir a inuwa, ya kuma tambayi inda za a kai shi idan ya mutu.